Daga Garwa zuwa Njamena don kallon finafinai uku a tsakar gida

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da gidan kallo a unguwar Hausare da ke Garwa a arewacin Kamaru, wata rumfar kwano mai benci goma sha huɗu da talabijin biyu, inda ake kallon ƙwallon Turai ranakun Asabar da Lahadi, sauran ranakun kuma finafinan Kano da na Indiya masu fassarar Hausa. Don haka da ɗan kawuna na Njamena ya bugo waya ya ce shi da abokansa sun haɗa gajerun finafinai guda uku, za su haska su a tsakar gidan Kawu, yana kuma so in zo in gani da idona in faɗa masa ko za su karɓu a wurin 'yan kallona, dariya na fara yi masa. Taubashina ne, akwai wasa tsakaninmu, sai na tambaye shi waƙa nawa ce a ciki, ya ce babu ko ɗaya. Na ce faɗa fa, ya ce shi ma babu. Na ce to me za a kalla ke nan? Ya ce, "Yaya, kai dai ka zo, kuma ka taho mana da majiginka, domin namu na aro ne, mai shi ya karɓe abinsa."

Wanda ya sa na daina jan ƙafa shi ne abokina tun na makarantar allo, wanda unguwa kaf ke kira Koci saboda ya fi shekara ashirin yana horar da yara a filin ƙasa na bayan kasuwa, kuma babban ɗana ne ke tsare masa gida a ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai. Da ya ji cewa ɗaya daga cikin finafinan a kan kyaftin ɗin wata ƙungiyar unguwa yake, sai ya ce ko na fasa shi zai je.

Mun tashi wata Talata a cikin Janairu bayan sallar asuba, hazon hunturu ya rufe duwatsun Tingelin har ba a ganin kansu. Sefa 3,500 kowannenmu ya biya zuwa Marwa, tafiyar kimanin kilomita 200 ta Pitowa da Figil mai masana'antar siminti. Babu abin faɗa a wannan zangon in ban da ƙaramin talabijin ɗin da ke saman kan direba, wanda aka sa wa wani fim na soyayya aka ƙure masa murya, na kuma lura cewa duk motar babu mai ɗaga kai sai an zo wurin rawa da waƙa, da zarar an koma magana kowa ya koma gyangyaɗinsa. Na san wannan hali sarai, haka 'yan kallona suke, kuma da shi nake cin abinci.

Da gangan muka kwana a Marwa, saboda babu mai hankalin da zai kama hanyar Kusuri, garin da ke kan iyaka da Chadi, da yamma. Mun sami ɗaki a wani masauki a Domayo a kan sefa 6,000, gado ɗaya da fanka, ruwa a bokiti. Da la'asar muka fita ƙarƙashin itatuwan darbejiya da suka yi wa titunan garin rumfa, har muka kai gadar Mayo Kaliyawo. A wannan lokaci na shekara kogin ba shi da ruwa ko ɗigo, yashi ne zalla, yara kuwa sun mayar da cikinsa filayen ƙwallo, wasa huɗu a jere, an ajiye takalma a madadin raga. Koci ya jingina da ƙarfen gada ya ƙi gaba. Ya nuna mini wani yaro siriri da bai wuce shekara goma sha uku ba, wanda bai fi sauran iya taka leda ba, amma shi ne ya tsayar da wasa, ya fitar da wani ƙato da ya gaji ya sa ƙarami a gurbinsa, ƙaton ya yi ta ƙunƙuni amma ya fita. "Ga kyaftin can," in ji Koci, "babu ƙyalle a damtsensa, amma ya faɗa an ji." Ban ba maganar wani muhimmanci ba a lokacin, yunwa nake ji. Muka je muka ci tuwon dawa da miyar yakuwa, wadda mutanen nan ke kira folere, muka ƙara da tsiren sefa 1,000.

Washegari ne tafiya ta amsa sunanta. Daga Marwa zuwa Kusuri kimanin kilomita 260 ne, a lissafi ba ta fi ta jiya da wani abin kirki ba, amma sefa 9,000 aka karɓa a hannun kowa, kuma da muka wuce Mora na gane dalili. Kwalta takan ɓace ta bar ramuka da ƙura, direba ya sauka daga titi ya bi sawun manyan motoci a cikin daji, ya sake hawa, ya sake sauka, har mutum ya rasa ko a kan hanya yake ko a gefenta. Mu goma sha tara ne a motar da aka ƙera don mutum goma sha huɗu, majigina a kan cinyata naɗe a cikin bargo kamar jariri, ƙura kuwa ta mayar da gemun kowa ja. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako wannan yanki a wajajen 2014 shingaye suka yawaita, na ƙirga tara kafin Dabanga na haƙura da ƙirga. A yawancinsu sai kowa ya sauko, ya riƙe katin shaidarsa a hannu, ya taka da ƙafa ya wuce shingen, sannan mota ta biyo baya. Ba na ganin laifin wannan, domin duk wanda ya san abin da ya sami garuruwan nan ba zai yi ƙorafi don an ce ya sauko daga mota ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne wani mai kaki a wani shinge, wanda ya kwance bargon, ya juya majigin sama da ƙasa, ya ce in kawo takardar sayensa. Na ce shekara shida ke nan da na saye shi a kasuwa, ya ce to a nan zai kwana. Sai da direba ya ja ni gefe, sefa 2,000 ta bar aljihuna, sannan na'urar ta halatta.

Wannan majigin dai shi ya jawo mana hira da wani malamin makaranta ɗan Mora da ke zaune kusa da ni, Bamandare ne amma Hausarsa tas. Shi ya ba mu labarin cewa wata 'yar Kamaru, Cyrielle Raingou, ta zauna a Kolofata, yamma da Mora kusa da iyakar Najeriya, ta ɗauki rayuwar 'yan makarantar da ke zuwa aji sojoji na zagaye da garinsu, kuma fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Rotterdam a ƙasar Holan a 2023. Na ɗaga murya na tambayi mota, cikinmu mu goma sha tara babu wanda ya taɓa ganinsa, har da shi malamin, wanda ya ce a rediyo ya ji. Kunya ta kama ni. Ni da zan iya jero sunayen finafinan Indiya ɗari ba tare da na numfasa ba, ga fim an yi shi a ƙofar gidanmu, mutanen wata nahiya sun gani sun yaba, ni mai gidan kallo ko labarinsa ban taɓa ji ba.

Taya ta fashe mana gab da Waza, muka yi awa biyu a inuwar wata bagaruwa, muna kallon gonakin masakwa da suka yi kore shar a tsakiyar rani a kan baƙar ƙasar da ta tsattsage. Raƙumin dawan da ake cewa akan hango daga titi bai fito mana ba. Sai bayan isha'i muka shiga Kusuri, muka kwana a gidan wani Bahaushe mai sayar da goro, abokin cinikin Kawu, wanda bai bar mu mun kwanta ba sai da ya tuna mana cewa a garin nan aka kashe Rabe, wanda ya ci Borno ya zauna a Dikwa, ranar 22 ga Afrilun 1900, a yaƙin da shi ma kwamandan Faransawa Lamy ya mutu, shi ya sa garin ƙetaren ruwa ya amsa sunan Fort-Lamy har zuwa 1973 da aka mayar da shi Njamena.

Da safe muka tsallaka gadar Ngeli a kan kogin Logon, cikin cunkoson babura da amalanke da mata masu kaya a ka. An duba katin shaida da katin allurar shawara, ba a wahalar da mu ba, kuma da yake sefa ɗaya ake kashewa a ƙasashen biyu ba mu nemi ɗan canji ba. Abin da ya canja nan take shi ne harshe. A Garwa Fulatanci ne harshen kasuwa, ko Bahaushe da shi yake ciniki, amma daga bakin gadar nan Larabcin Chadi ne ke mulki, kuma kalmar da na fara kamawa a cikinsa ita ce "lale", wadda muke da ita a gida. 'Yan acaɓa, waɗanda a nan ake kira kilando, suka kwashe mu a kan sefa 1,000 kowane har ƙofar gidan Kawu.

Kawu ya tare mu a zaure yana cewa, "Ɗana, ashe sai fim ne zai kawo ka, ba zumunci ba?" Na durƙusa na ce, "Kawu, a yi haƙuri, hanyar ce." Ya ce ai hanyar ba ta hana goro zuwa. Shi da ƙuruciyarsa ya baro Garwa don cinikin fata, amma da yawa daga maƙwabtansa Hausawa jikokin mahajjata ne, waɗanda kakanninsu suka kama hanyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare ko aure ya riƙe su, suka zauna. Hausarsu na nan daram, sai dai kowace jimla tana ɗauke da Larabci, kamar yadda tamu ke ɗauke da Fulatanci da Faransanci. Aka kawo mana kisar, wata irin waina mai faɗi siririya kamar takarda, da miyar busasshiyar kuɓewa, da gasasshen naman raƙumi, da zoborodo mai sanyi wanda suke kira karkanji. Naman raƙumin ya yi daɗi, amma na faɗa wa Kawu a gabansa cewa bai kama ƙafar kilishin Garwa ba, ya ce son kai ne.

Taubashina ya zaga da mu gari da rana, kuma wurin da ya fi ɗokin nuna mini shi ne silimar Normandie. Ba mu shiga ba, daga waje muka tsaya yana ba ni labarin cewa ta yi shekaru a rufe, aka gyara ta aka sake buɗewa a 2011, shekara guda bayan wani ɗan ƙasar, Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeshe, ya ci kyautar alƙalan gasa a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Na yi shiru ina lissafi, domin a ƙasarmu a 2009 aka rufe manyan silima ukun da suka rage, Abbia a Yawunde da Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, aka bar wa irinmu masu rumfar kwano aikin gaba ɗaya. Da muka koma gida ya kunna mana wannan fim ɗin na Haroun, Un homme qui crie, a kwamfutarsa. Labarin wani dattijo ne, tsohon zakaran ninƙaya wanda har yanzu ake kiransa zakara, yana kula da wurin wanka na wani otal a Njamena, sai sababbin masu otal suka ba ɗansa aikin, shi kuma aka mayar da shi mai buɗe ƙofa, a daidai lokacin da yaƙi ke matsowa ana neman kowane gida ya ba da kuɗi ko ɗa. Akwai wurin da kyamara ta tsaya a kan fuskar dattijon yana zaune a bakin ƙofa, ba ya cewa komai, ta daɗe har na fara motsi a kan tabarma. Da a rumfata ce, da tuni an fara ihun a tura gaba. Taubashina ya ce daga wannan wurin ya koyi cewa ana iya barin mutum ya yi shiru a fim, mai kallo ya ji abin da ke cinsa. Koci bai ce uffan ba har fim ɗin ya ƙare, sai ya tashi ya ce zai je alwala, alhali da sauran lokaci.

Bayan isha'i aka ɗaure farin zanen gado a bangon tsakar gida, aka kai janareto can ƙarshen lungu da doguwar waya don kada ƙararsa ta danne magana, aka shimfiɗa tabarmi, mata a gefen madafa, maza a gefen zaure, yara a gaba har suna taɓa zanen. Mun kai mutum sittin. Samarin su biyar ne, kyamara ɗaya ta haya da wayoyin hannu biyu, kuma sun ce abin da suka kashe a finafinan uku bai wuce sefa 180,000 ba, yawanci a kan mai da abincin 'yan wasa, waɗanda duk 'yan unguwa ne kuma rabinsu na zaune a kan tabarmin nan.

Na farko na soyayya ne, minti goma sha huɗu. Wani ɗan kilando ne yake tsayawa kullum a bakin gadar Ngeli ya sayi karkanji a wurin wata yarinya, ya miƙa mata sefa 100, ita kuma kullum ta ce babu canji, ya dawo gobe ya karɓi 25 ɗinsa. Duk wanda ke kashe sefa ya san masifar rashin canji, don haka da farko kowa ya ɗauka gaskiya take faɗa, sai da kyamara ta bi hannunta bayan ya tafi, aka ga ta zaro kwabbai daga ƙarƙashin tire, ta ware 25 ta ƙulle a bakin mayafinta. Nan gefen mata ya kaure da dariya, irin dariyar wanda aka tona wa asiri. Ƙullin yana girma, shi kuma bai taɓa tambayar bashinsa ba, har ranar da manyansa suka kai goro gidansu, sai ga ƙanwarta ta zo tashar babura ta miƙa masa ƙullin ta ruga. Daga farko har ƙarshe babu wanda ya furta kalmar so, babu lambu, babu canjin kaya sau bakwai a cikin waƙa ɗaya, amma ni dai ban taɓa ganin neman aure irin na unguwanninmu a kan allo kamar wannan ba, inda komai a kaikaice ake yinsa saboda kunya. Aibinsa sauti ne: iskar gada ta cika makirfon, rabin maganar ba ta fita, kuma na faɗa musu cewa a rumfar kwano mai fanka biyu ba za a ji komai ba sai sun gyara.

Na biyu, wanda aka yi a kan abota, bai kai sauran ba. Ɗalibai biyu ne, ɗaya a Kusuri ɗaya a Njamena, lokacin da aka rufe iyaka saboda korona a 2020, kuma kusan duk fim ɗin waya suke yi wa juna, kallon mutum yana waya kuwa ba kallo ba ne. Wuri ɗaya ne ya tsaya mini a rai, inda kowannensu ya zo bakin ruwa da dare yana kaɗa fitilar wayarsa, ba a ganin komai sai ɗigon haske biyu da baƙin kogi a tsakani.

Na uku shi ne wanda muka sha ƙura dominsa. Ƙungiyar unguwa ce ta kai wasan ƙarshe na gasar hutu, ba su da koci, kyaftin ne komai, shi ke tara kuɗin ƙwallo, shi ke wanke riguna, shi ke fitar da sunaye. Mai tsaron gidansu amininsa ne tun suna yara, shi ya kai su inda suke, amma gwiwarsa ta lalace, ba ya iya faɗawa hagu, kuma akwai wani yaro a benci da kowa ya san ya fi shi yanzu. Sauran 'yan wasa suka sa kyaftin a gaba, ya ce zai yi magana. Sau uku ya je shagon ɗinkin da aminin ke aiki. Zuwan farko suka sha shayi suka yi hirar tsadar mai. Zuwa na biyu ya buɗe baki ke nan sai mahaifiyar aminin ta aiko masa da abinci, ya ci, ya yi godiya, ya tafi. A tsakiyar zuwa na uku janareto ya mutu, tsakar gida ta yi duhu, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne babu wanda ya tashi, har yaran gaba, ana ta gardama a cikin duhu ko zai faɗa ko ba zai faɗa ba, sai da aka ɗura mai aka ci gaba. Bai faɗa ba. Yana zaune yana juya kofin shayi a hannu, aminin yana taka keken ɗinki bai dube shi ba, kuma sai a hankali mai kallo zai gane cewa abin da yake ɗinkewa safar hannunsa ce ta tsaron gida, yana rage mata faɗi. Ranar wasa, kafin kyaftin ya karanta sunaye, aminin ya jefa wa yaron safar ya ce ya gwada ko ta yi masa daidai, ya je ya zauna a benci ya ɗauki jarkar ruwa. Alƙalin wasa ya busa usur, allo ya yi baƙi. Tsakar gida ta ɗauki ihu, "Wa ya ci? Wa ya ci?" Taubashina yana dariya ya ce kuɗinsu bai kai su ɗauki wasa ba, amma ko da ya kai ba za su ɗauka ba.

Bayan an watse muka zauna a zaure da Kawu da samarin, ana zuba shayi mai kauri irin na nan, hira ta koma kan shugabanci a harkar ƙwallo. Kawu ya ce su a Chadi ba 'yan wasa suka rasa ba, ai sun haifi Japhet N'Doram, wanda ya buga wa Tonnerre ta Yawunde kafin ya je Nantes ya ɗauki kofin lig na Faransa da ita a 1995, amma ƙungiyar ƙasarsu ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin Afirka ba, kuma a 2021 har FIFA ta dakatar da su saboda gwamnati ta sa hannu a harkar hukumar ƙwallo. Koci, wanda ba ya barin irin wannan dama ta wuce, ya kawo Vincent Aboubakar, ɗan Garwa da ya taso a Coton Sport, ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, ya kuma ci takwas yana kyaftin a gasar da muka karɓi baƙunci a farkon 2022, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Rumde Ajiya. Daga nan sai ya juya kan samarin, muryarsa ta canja, ya ce fim ɗinsu ya yi kyau amma kyaftin ɗinsu matsoraci ne, domin shugaba ba ya barin wanda za a cire ya cire kansa, kuma sun koya wa yara cewa in ka yi shiru wani zai ɗauke maka nauyi. Taubashina ya ce, "Baba Koci, ba mu ce ya yi daidai ba, mun nuna yadda ake yi ne." Ni kuwa na goyi bayan samarin, na ce zuwa ukun nan ai magana ce, aminin ya ji ta tun zuwan farko, kuma an bar masa mutuncinsa ya sauka da ƙafarsa. Koci ya ce wannan zancen masu gidan kallo ne. Kawu ya raba mu da cewa dare ya yi.

Kwana biyu muka ƙara, na taya su sake ɗaukar maganar fim na farko a cikin ɗakin Kawu, an toshe taga da katifa, sannan suka zuba mini ukun a katin memori. Na bar musu majigin aro zuwa bayan salla, wanda hakan ya rage mini fargabar shingaye.

A hanyar dawowa, mun wuce Maltam kaɗan, Koci ya ce yana da magana. Ya ce tun kafin damina ya so ya faɗa mini cewa ɗana ba zai ci gaba da tsare gida a wasannin gasa ba, akwai wani yaro ɗan unguwar Yelwa da ya fi shi tsawo da saurin faɗuwa, kuma yaran duk sun sani. Ya ce ya zo rumfata don wannan maganar ya fi sau uku, kowane zuwa sai in sa a kawo masa shayi in hana a karɓi kuɗin kallonsa. Na ce to me ya sa sai yanzu, a cikin mota, a gaban mutane? Ya ce saboda a nan babu shayi. Ban yi dariya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa yaron nan shekara huɗu bai taɓa fashin atisaye ba, ya ce ya sani, shi ya sa abin ya yi masa nauyi. Daga Dabanga har Mora ban ƙara ce masa komai ba, muna sauka a shingaye muna hawa kamar baƙin juna, sai a Mora ya sayo rake ya miƙo mini guntu, na karɓa. Har yanzu ina ganin ya yi gaggawar yanke wa yaron hukunci, kuma na faɗa masa haka a Marwa, amma na roƙe shi abu ɗaya, ya gaya wa yaron da bakinsa, kada ya bari ya ji a wurin 'yan benci. Ya je ya same shi washegarin isowarmu.

Ranar Asabar ta biyu bayan dawowarmu na sa fim ɗin kyaftin a rumfata, awa ɗaya kafin wasan yamma, na ce kyauta ne. Mutum tara suka zauna da farko, wasu na leƙowa su ga babu waƙa su koma waje, amma wajen zuwa na uku benci shida sun cika, har wani mai sayar da rake ya bar baronsa a ƙofa ya shigo. Ɗana ne ke riƙe da rimot a ranar, yana tsaye a jikin ginshiƙi. Da allo ya yi baƙi aka fara ihun wa ya ci, wani ya ce in mayar masa da kuɗinsa, na tuna masa bai biya ba. Ɗana ya tambaye ni ko ya mayar da tasha, don an kusa take wasa, sai wani dattijo daga bencin baya ya ce a dakata, a komar masa wurin keken ɗinkin tukuna, bai ga abin da tela ke ɗinkawa da kyau ba.